Daga Randar Tsakar Gida Zuwa Haƙorin Tangaran

Yau filin namu gindin randa ya nufa, watau wurin da kike zuwa sau goma a yini, amma ba ki taɓa tsayawa kin yi masa kallon tsanaki ba.

Ke da ke Kurgu, ko Kaoje, ko Illo, ko Lolo, ko wani gari na ƙasar Bagudo, kin san zafin bazara a wannan yanki namu na bakin Kwara. Kin san yadda ruwan jarka ke zama kamar an ɗora shi a wuta kafin azahar, alhali kuwa na randa yana nan da sanyinsa. To, kin taɓa tambayar kanki dalili? Kin kuma san cewa randar nan, da farantin tangaran da ke cikin jerenki, da haƙorin da likita ke sanya wa wanda nasa ya karye, duk 'yan gida ɗaya ne? Dukkansu ƙasa ce ko garin dutse da aka kwaɓa, aka siffanta, aka gasa. Wadda ta san halin ɗaya ta san yadda za ta riƙe sauran, ta tsare lafiyar iyalinta da kuɗin maigidanta.

Yadda wuta ke mai da yumɓu dutse

Asalin yumɓu dutse ne da ruwa da iska suka narkar a cikin shekaru masu yawan gaske, ruwa ya kwaso shi ya zube a fadama da gefen kogi. Ƙwayoyinsa ƙanana ne ƙwarai, ido ba ya ganinsu, kuma shimfiɗaɗɗu ne kamar ɓawon kifi. Idan ruwa ya shiga tsakaninsu sai su riƙa sulɓi a kan juna ba tare da sun rabu ba. Abin da ya sa ke nan yumɓu ke bin hannun maginiya duk inda ta juya shi, yashi kuwa ko kin kwana kina kwaɓa shi ba zai tsaya ba.

Amma yumɓu yana da hali guda mai wahalarwa. In ya fara bushewa sai ya tsuke, in ya tsuke da gaggawa sai ya tsage. Saboda haka magina ke haɗa shi da yashi, ko ƙaiƙayi, ko garin tsingaro, su kuma shanya ɗanyun tukwane a inuwa kafin su kai su rana.

Ko da tukunya ta bushe ƙarau, in ba a gasa ta ba, ruwa na taɓa ta za ta koma laka. Wuta ce ke yanke wannan. Idan zafi ya kai wajen digiri 600 a ma'aunin Salshiyos, watau ninki shida na zafin tafasasshen ruwa, sai ruwan da ke ɗaure cikin jikin ƙwayoyin nan ya fice, su manne da juna, ba sa sake komawa laka har abada. Wutar kara da ciyawa da kashin shanu da magina ke haɗawa a fili takan kai digiri 600 zuwa 900. Maginiya ba ta da ma'auni, launin wutar da na tukunyar take dubawa, kuma ba kasafai take kuskure ba.

Irin wannan gashi yana barin ƙananan kafofi a jikin tukunya. Ta nan ruwa ke tsatsowa a hankali, iska ta ɗauke shi, ta tafi da zafin da ke ciki, kamar yadda gumi ke sanyaya jikinki. Sirrin randa ke nan. Waɗannan kafofi ne kuma ke sa tukunyar ƙasa ta jure wutar murhu, domin jikinta na da wurin buɗewa da tsukewa.

Sana'ar da ta girmi kowace masarauta

Kada ki ɗauka ginin tukwane ƙaramar sana'a ce. A wani kogo a ƙasar Sin an sami tsingaron da ya kai shekara 20,000. A ƙasar Mali, a wani wuri da ake kira Unjugu a yankin Dogon, an tono wanda ya haura shekara 11,000, yana cikin mafi tsufa a Afirka duka. A nan gida kuwa, masu haƙar kuza a ƙauyen Nok, a kudancin Jihar Kaduna ta yanzu, sun fara cin karo da siffofin gasasshen yumɓu cikin 1928, kuma an auna an ga wasu sun wuce shekara 2,000.

Ba sai mun yi nisa ba ma. Kafin a gama madatsar ruwa ta Kainji cikin 1968, masana sun yi tone-tone a wuraren da ruwa zai cinye, suka sami tukwane da 'yan siffofin yumɓu a kusa da Yelwan Yawuri waɗanda suka fi shekara 1,000. Idan kuma kika bi ta Lolo kika tsallaka cikin Jamhuriyar Benin, kika wuce Malanbil kina bin kogi sama, za ki iske wani gari a ƙasar Dandi mai suna Birnin Lafiya. Daga 2011 zuwa 2015 wata malamar jami'a a Ingila, Anne Haour, tare da masanan ƙasar Benin, sun tona tudun tsohon garin da ke gefensa. Sun tarar mutane sun zauna a wurin tun daga wajen ƙarni na 4 har zuwa na 13, sun kuma tarar da ɗakunan da aka yi wa daɓe da tsingaro, an jera shi tsaf. Tufafin mutanen nan sun ruɓe, ƙofofinsu gara ta cinye, ko sunan sarkinsu ba wanda ya riƙe. Tukwanensu kuwa sun tsaya suna ba da labarinsu.

A ƙasar Hausa wasu garuruwan maza ne ke gini, wasu kuwa mata. Amma wadda ta fi ɗaga sunan sana'ar a Nijeriya mace ce. Ki ɗauko takardar Naira 20 ki juya bayanta: matar da ke zaune tana gina tukunya ita ce Ladi Kwali. An haife ta a garin Kwali na ƙasar Gwari wajen 1925, a gida ta koyi gini tun tana ƙarama. Sarkin Abuja na lokacin, Alhaji Sulaimanu Barau, ya riƙa tara tukwanenta a fada saboda kyansu. A can ne wani Bature magini, Michael Cardew, ya gan su. Cikin 1954 ta shiga makarantar ginin tukwane da ya buɗe a Abuja ta dā, wadda yanzu ake kira Suleja, ita ce mace ta farko a wurin. Ta je Ingila da Amurka tana nuna gwanintarta, Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba ta digirin girmamawa cikin 1977. Ta rasu a Minna cikin 1984.

Ga wani abin lura a aikinta. Tulunan da ta gina a makarantar an shafa musu ruwan gilashi, an gasa su da wuta mai tsanani har kafofinsu suka toshe. Sun yi kyau, sun yi sheƙi, ana ajiye su a gidajen tarihi na duniya, amma sun daina sanyaya ruwa. Kin ga ashe kowane irin gashi da amfaninsa.

Tangaran

Mutanen Sin ne suka fara gano yadda ake yin tangaran, fiye da shekara 1,000 da suka wuce. Sukan haɗa wata farar ƙasa mai laushi da ake kira kawolin da garin wani dutse mai narkewa a wuta, su gasa a tanderu mai zafin digiri 1,200 zuwa 1,400. A wannan zafi dutsen yakan narke ya zama gilashi, ya cike kafofin duka. Shi ya sa tangaran ba ya tsatsa, ba ya riƙe warin miya, in kin ƙwanƙwasa shi ya yi ƙara kamar ƙararrawa. Turawa sun yi ɗaruruwan shekaru suna saye da tsada, sai wajen 1709 wani Bajamushe mai suna Böttger ya gano haɗin, aka buɗe masana'anta a garin Maisan cikin 1710. Irin wannan farar ƙasa akwai ta a ƙasarmu, ana haƙarta a Ƙanƙara ta Jihar Katsina.

Kwanonin fenti na jeren iyayenmu ma suna da alaƙa da wannan gida: ƙarfe ne aka lulluɓe da ruwan gilashi aka gasa. Shi ya sa in sun faɗi fentin ke ɓarewa, tsatsa ta kama wurin.

Halin da duk dangin nan suka yi tarayya a kansa shi ne: suna ɗaukar nauyi, amma ba sa ɗaukar bugu. Randa na riƙe da ruwa tulu biyar shekara da shekaru, amma taɓarya ta goge ta sau ɗaya ta gama da ita. Ƙarfe in ya sha duka lanƙwasa yake yi, gasasshen yumɓu kuwa bai iya lanƙwasa ba. Da zarar 'yar tsaga ta samu, sai ta yi ta tafiya har ta raba shi biyu. Ki riƙe wannan, domin shi ne kan maganarmu ta gaba.

Yadda tangaran ya shiga baki

A ƙasar Turai, shekara 250 da suka wuce, wanda haƙoransa suka zube akan sassaƙa masa wasu da hauren giwa ko na dorina, irin dorinar da masuntan Kwara suka sani. Haure kuwa yana tsotsar miyau da abinci, ba a jimawa sai ya yi baƙi ya soma wari. Wani mai haɗa magunguna a Faransa, Alexis Duchâteau, wannan wari ya dame shi a bakinsa. Cikin 1774 sai ya yi tunanin a yi masa haƙora da tangaran, tun da shi ba ya shan komai. Nan ya gamu da matsalar da kowace maginiya ta sani: abin da aka auna daidai da baki, in ya fito daga wuta sai a iske ya tsuke, bai shiga ba. Sai da ya haɗa kai da wani likitan haƙori na Faris, Dubois de Chémant, suka yi ta sauya haɗi har aka dace. Likitan nan ya koma Ingila da zama, ya ci gaba da sana'ar a can.

Cikin 1808 wani likita ɗan Italiya, Fonzi, ya fara yin haƙoran tangaran ɗai-ɗai. A ƙarshen ƙarni na 19 kuma wani Ba'amurke, Charles Land, ya fito da hular tangaran da ake kifa wa haƙorin da ya lalace bayan an fere shi. Tana da kyau, amma tana saurin fashewa. Daga 1962 aka shiga gasa tangaran a kan hular ƙarfe, ƙarfen ya ba da ƙarfi, tangaran ya ba da fari. Cikin 1985 a birnin Zurik aka fara gwada injin da kwamfuta ke sarrafawa, yana sassaƙa ciko daga dunƙulen tangaran. Yau kuma ana yawan amfani da wani irin da ake kira zirkoniya, wanda ake gasawa a wajen digiri 1,500, ya fi duk na baya jure tauna. Daga wani yashi mai nauyi ake samo shi, irinsa yana nan cikin tarkacen haƙar kuza na ƙasar Jos.

Me ya sa likitoci ke son wannan dangi? Domin ba ya tsatsa, ba ya narkewa a miyau, dasashi ba ya ƙinsa, ba ya saurin kai zafin shayi ko sanyin ƙanƙara ga jijiya, kuma ana iya daidaita launinsa da na sauran haƙora. Sai dai ki sani, haƙoran cirewa da sawa da aka fi gani a wurin tsofaffinmu yawanci na roba ne, sun fi araha. Haƙorin Makka kuwa hula ce ta ƙarfe mai launin zinariya ko azurfa.

Haƙorin da aka haife ki da shi ma kusan haka yake. Farin ɓawon da ke samansa kashi 96 cikin 100 ma'adini ne, ya fi komai tauri a jikin ɗan Adam. Amma halin tangaran gare shi: yana tauna tuwo da nama shekara saba'in, bugu ɗaya kuma ya ɓalle shi. Fata in ta yanke takan haɗe, ƙashi in ya karye mai ɗori ya ɗaure, ɓawon haƙori kuwa in ya tafi ba ya sake tsirowa.

Abin da ya kamata ki kiyaye

Na farko, haƙori ba mabuɗin kwalba ba ne. Ki hana yaranki fasa ƙanƙara, ko ƙashi, ko ƙwallon goriba da baki. Ki tsince tsakuwa da kyau daga shinkafa da wake. Ki bar dirzar haƙora da toka ko gawayi don neman fari, domin kankare ɓawon suke yi. Asuwaki mai laushi ko buroshi da man goge baki sun isa, safe da dare.

Na biyu, idan yaro ya faɗi haƙorinsa na girma ya fita ɗungurungum, kada ki yar. Ki riƙe shi ta kai, kada ki taɓa saiwar, kada ki kankare. Ki sa shi cikin ɗanyar madara ki nufi asibiti nan da nan, domin in an isa cikin sa'a guda sau da yawa ana iya mayar da shi ya kama. Haƙorin nono kam ba a mayar da shi.

Na uku, hular haƙori aikin awo ce. In ba ta zauna daidai ba, abinci zai riƙa shiga ƙarƙashinta, haƙorin ya ruɓe a ɓoye har ya kai ga kumburi. Saboda haka kada araha ta ja ki wurin mai sa haƙori a bakin kasuwa, wanda ma ba ki san ko yana dafa kayan aikinsa ba. Akwai likitocin haƙori a manyan asibitocin Birnin Kebbi da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. Tafiyar da nisa, gaskiya ne, amma araha ba ta ado.

Na huɗu, mu koma gindin randa. Randa na sanyaya ruwa, tana kwantar da laka, amma ba ta kashe ƙwayar cuta. Ruwan kogi ko na rijiyar da ambaliya ta shiga, ki tafasa shi sosai, ya huce, sannan ki zuba. Alif yana tace ruwa ya yi garau a ido, amma bai isa ya hana amai da gudawa ba. Ki rufe bakin randa, ki wanke cikinta a kai a kai, ki keɓe moɗa mai dogon hannu ta ɗiba kawai, kowa ya juye a kofinsa ya sha. Hannun yaro ɗaya da ya dawo daga bayan gida ya isa ya ɓata ruwan gida duka.

Na biyar, wajen saye. Ki ƙwanƙwasa tukunya da yatsa: in ta yi ƙara mai zaƙi ta gasu, in ta yi kamar an bugi kabewa akwai tsaga ko gashi bai kai ba. Kada ki ɗora tangaran a wuta, kada ki zuba masa ruwan sanyi yana da zafi. Farantin ado mai zane mai ƙyalli wanda fentinsa ya soma dusashewa ko ɓarewa, ki bar shi a jere, kada ki zuba tsamiya ko kunun tsami a ciki. Wasu irin waɗannan fenti suna da dalma, tsami kuma yana narko ta. Mun ga abin da gubar dalma ta yi a Zamfara cikin 2010, inda yara sama da 400 suka rasu, ko da yake can daga duwatsun zinariya ta fito. Tukunyar ƙasa tamu ta gida ba a shafa mata irin wannan fenti.

Ga kuma wata dabara. Wani malami a Jihar Jigawa, Mohammed Bah Abba, wanda ya fito daga gidan magina, ya yaɗa hikimar sa ƙaramar tukunya cikin babba, a cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, a rufe da jiƙaƙƙen tsumma, a ajiye a inuwa mai iska. Gautan da kan yanƙwane a kwana uku sai ya haura mako uku. Wannan ta sa ya sami lambar yabo ta Rolex cikin 2000. Ki gwada da tumatir da tattasai da alayyafo, ki riƙa yayyafa wa yashin ruwa safe da yamma. Ta fi aiki da rani da bazara, da damina kuwa iska na da laima, sanyin ba ya kai haka.

Gare ki, 'yar makaranta

Idan malamin kimiyya ya zo kan darasin zafi da tururi, ki tuna da randar mahaifiyarki, darasin ke nan a tsakar gidanku. Idan akwai tsohuwa mai gini a unguwarku, ki je ki gaishe ta, ki ce, "Iya, a ina kike ɗebo yumɓu, yaya kike gane wuta ta kai?" Ki rubuta abin da ta faɗa miki. Roba da alminiyam sun cika kasuwa, 'ya'yan magina da yawa sun bar sana'ar, kuma abin da ke kan tsohuwar nan ba a rubuce yake ba.

Hanya kuma a buɗe take. A Jami'ar Ahmadu Bello ana koyar da aikin yumɓu da tangaran har matakin digiri. A Jami'ar Bayero ta Kano ana koyar da likitancin haƙori. Akwai kuma masu koyon ƙera haƙora, su ne ke zama a ɗakin aiki da ɗan buroshi suna ɗora garin tangaran kaɗan-kaɗan, su gasa, har ya fito kamar na halitta. Aiki ne na haƙuri da lura da taushin hannu, irin na mai ƙunshi da mai saƙa. Mata da yawa a ƙauyukanmu suna kwana da ciwon haƙori saboda nisan asibiti, wasu kuma saboda nauyin buɗe baki gaban likita namiji. Ranar da 'yar Kurgu ko 'yar Illo ta dawo gida da wannan ilmi, iyayenta mata ne za su fara cin moriya.

Uwargida, ke kuma in kin je kasuwa wannan makon, ki tsaya a rumfar masu tukwane, ki sayi ko da kaskon turare ne ko asusun yara. In kin koma gida ki leƙa cikin randarki ki ga ko ta isa wanki.

Allah Ya ba mu lafiya da zama lafiya. Sai mun sake saduwa a wannan fili.